Tashar NASA ta Kano: da mu aka yi, ko masauki kawai muka bayar?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A 1963 gwamnatin Najeriya ta fitar da kan sarki guda biyu a kan amfani da sararin samaniya ta hanyar lumana. Na sisi yana ɗauke da hoton kumbon Mercury, wanda Amurka ta fara tura mutum sama da shi, da tashar da ke bin sawunsa a Kano, na sule da taro kuma yana ɗauke da tauraron sadarwa na Syncom da wani jirgin ruwan Amurka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Wato abin ya kai a sa shi a kan ambulan, amma yau ka tari ɗalibin jami'a a Kano ka ce masa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta taɓa kafa tasha a garinsu, sai ya ɗauka zolayarsa kake yi. An sa hannu a yarjejeniyar a Legas a watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yancin kai, tashar kuma ta yi aiki har 1966. Abin da nake so mu tattauna: wannan tarihinmu ne da ya kamata mu yi alfahari da shi, ko tarihin Amurka ne da ya faru a ƙasarmu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga alfahari, a fahimtar da mu aikin tashar tukuna. Daga Kano ake harba rokar?

Injiniya Zazzau: A'a Hajiya, daga Cape Canaveral a jihar Florida ake harbawa. Aikin Kano saurare ne da magana. Kumbon Mercury yana tafiya ne ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 160 zuwa 260 daga doron ƙasa, da gudun kimanin kilomita 28,000 a awa ɗaya. Tafiyar Kano zuwa Kaduna kamar rabin minti ce a wurinsa, duniya gaba ɗaya kuma yana kewaye ta cikin kusan minti 88. Rediyon da ake magana da shi sosai sai eriya tana kallon kumbon kai tsaye, to da ya ɓullo ta yamma, bayan minti biyar zuwa bakwai ya faɗa ta gabas, shi ke nan. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su karɓi maganar daga sama su miƙa gida. Dole aka jera tashoshi 18 a ƙarƙashin hanyar da zai bi, biyu daga cikinsu a kan jiragen ruwa, kamar yadda fatake ke da zango-zango a kan hanya. Idan ya bar Florida sai Bermuda ta karɓe shi, sai tsibiran Kanari, sai Kano, sai Zanzibar, sai jirgin da ke tekun Indiya, sai Muchea da Woomera a Ostareliya, sai tsibirin Canton, Hawaii, California, Guaymas ta Meziko, har ya dawo gida.

Tashoshin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wasu suna da rada mai auna inda kumbon yake, wasu suna iya aika masa umarni. Kano da Zanzibar ba su da waɗannan. Abin da suke da shi shi ne na'urar karɓar bayanan da kumbon ke turowa, da rediyon magana da ɗan sama jannatin. Idan akwai harbi, sai a turo 'yan mutane kaɗan daga Amurka: mai magana da kumbon, mai lura da injunansa, da likita mai kallon bugun zuciya da numfashi da zafin jikin mutumin. Kumbon na wucewa sai su taƙaita abin da suka gani su buga da na'urar tangaraho zuwa cibiyar Goddard a Maryland, inda manyan kwamfutocin IBM 7090 suke, daga can zuwa Florida.

Ɗan Damagaram: To me ya sa Kano? Me ya hana Yamai ko Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu), ai duk layi ɗaya ne kusan.

Injiniya Zazzau: Hanyar kumbon ba ta wuce digiri 32 da rabi arewa ko kudu da tsakiyar duniya, kuma bayan ya bar Kanari yana gangarowa ne ta Sahara zuwa gabashin Afirka, to ana bukatar kunne a wannan yanki. Sauran kuma maganar sufuri ce. Kano tana da jirgin ƙasa daga Legas tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, jirgin sama ya fara sauka a cikinta tun 1925, a yaƙin duniya na biyu ta zama matattarar jiragen da ake kaiwa Masar daga Takoradi ta Maiduguri da Khartoum. Filin jirginta yana karɓar manyan jirage daga Turai. Wanda zai kawo janareta da akwatunan na'urori masu nauyi, nan zai fi masa sauƙi. Ga kuma Turancin Ingilishi, ga gwamnati mai ɗasawa da Birtaniya da Amurka.

Abban Khalifa: Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Talata 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. An harba shi ƙarfe huɗu saura minti 13 na yamma agogon Najeriya, kuma tsakiyar watan azumi ne. Bayan minti ashirin da 'yan kai yana saman ƙasar Hausa, mutane ana shirin la'asar ana tunanin abin buɗa baki. Ya leƙo ta taga ya shaida wa tashar Kano cewa yana ganin ƙura ta turnuƙe a ƙasa, mai magana da shi daga Kano ya amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Hazon hunturunmu ke nan mutumin ya gani daga sama, yana cikin rubutaccen tarihin tafiyar.

Bagobiri: Malam Abban Khalifa, da girmamawa, ni ban ga abin alfahari a nan ba. Baƙo ya zo da kayansa da ma'aikatansa, ya yi aikinsa, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Wanda ya yi magana da Glenn daga Kano Ba'amurke ne, likitan Ba'amurke ne, kamfanonin da suka kafa na'urorin, irin su Western Electric da Bendix, na Amurka ne. Abin da muka bayar fili ne da izini. Ganin hazo kuwa, ai ya ga gajimaren tekun Atlantika ma, ba wanda ya ce kifaye sun shiga tarihi.

Ummu Sumayya: Yaya Bagobiri, izinin nan da kake rainawa ba ƙaramin abu ba ne a 1960. Ka tuna yanayin da ake ciki. A watan Fabrairun shekarar Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, hankalin Afirka ta Yamma duk ya tashi, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. A watan Mayun 1960 Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, wanda ya tashi daga Peshawar ta Pakistan, kuma da farko cewa aka yi jirgin binciken yanayi ne na NASA. Bayan haka wa zai yarda da sauƙi cewa tashar NASA ta kimiyya ce zalla? A Nuwamban 1960 ɗalibai suka yi zanga-zanga a Legas a kan yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, har aka soke ta a Janairun 1962. A cikin wannan hayaniyar gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta amince baƙi su kafa eriyoyi a Kano, kuma ba ta janye ba. Shawara ce ta siyasa mai nauyi, kuma 'yan Najeriya ne suka yanke ta.

Bagobiri: Kin ƙarfafa maganata ne ƙanwata. Mun ɗauki kasada, me aka ba mu a madadi?

Ɗan Zongo Kumasi: Ku duba abin da ya faru a Zanzibar don a kwatanta. Can tun kafin a gama ginin tashar jama'a suka fito suna adawa, Abdulrahman Babu yana cikin jagororinsu, suna cewa sansanin makamai masu linzami ne, kuma idan yaƙi ya ɓarke tsibirin zai zama abin hari. Tashar ta yi aiki duk da haka. A Mayun 1963 ma ɗan sama jannati Gordon Cooper, da ya kewaya duniya sau 22, ta tashar Zanzibar ya aika gaisuwa ga taron Addis Ababa wanda ya haifi Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Amma da aka yi juyin juya hali ranar 12 ga Janairu 1964, aka kwashe Amurkawan, sabuwar gwamnatin Shugaba Abeid Karume ta ce a tattara kayan. NASA ta koma Madagaska. Wannan ya nuna cewa mai masauki yana da iko, in ya ce a tashi dole a tashi, kuma tashin yana da tsada ga baƙon.

Dattijon Kurna: Yara, ku bar ni in sa baki. Abin da ba ku lissafa ba shi ne ran mutum. Duk wannan jerin tashoshi an yi shi ne don ba a san abin da zai sami ɗan Adam ba idan nauyin jikinsa ya ɗauke. Likitoci suna tsoron ko zai suma, ko idonsa zai daina gani daidai, ko zai kasa haɗiye abinci. Shi ya sa ba a son ya daɗe ba a ji muryarsa ba. Kano tana cikin wuraren farko da za a ji yadda yake bayan ya shiga falaki ya ɗan natsu. Wanda ya tsaya a bakin hanya yana duba lafiyar matafiyi ya yi aiki, ko da ba shi ya ƙera motar ba.

Injiniya Zazzau: Baba ya faɗi gaskiya, kuma tafiyar Glenn ɗin kanta ta nuna haka. Ana cikin tafiya sai wata alama ta nuna a Florida cewa garkuwar da ke kare kumbon daga zafin shigowa iska ta kwance. In da gaske ne, ƙonewa zai yi. Aka umarci tashoshi su sa ido a kan wannan alamar ɗaya, kowace ta faɗi abin da na'urarta ta karanta. A ƙarshe aka ce masa kada ya yar da ƙunshin rokokin birki, don ɗamararsu ta riƙe garkuwar. Ya sauka lafiya bayan awa 4 da minti 55, daga baya aka gano wani ɗan makunni ne ya ba da labarin ƙarya. Ba don akwai kunnuwa da yawa a faɗin duniya ba, da ba a sami lokacin yin wannan shawarar ba.

Wanda yake son ganin illar giɓi kuwa ya duba tafiyar Gemini 8, ta shirin da ya biyo bayan Mercury, a Maris 1966. Neil Armstrong da David Scott sun haɗa kumbonsu da wata roka a sama, karo na farko a tarihi. Suna wurin da babu tashar da ke jin su sai wani bututun tura kumbo ya maƙale a kunne, suka kama juyawa har kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Sai da suka iso saitin jirgin ruwan Coastal Sentry Quebec sannan na ƙasa suka san halin da ake ciki. Dole aka katse tafiyar suka sauka a tekun Pasifik.

Sadiq na Sabon Gari: Ni fa tambayata daban ce. Mutane da yawa suna cewa zuwa wata ɗin nan duk shiri ne a ɗakin fim. Ba mamaki tashoshin ma cikin shirin suke.

Injiniya Zazzau: Ƙanena, tashoshin nan ne ma suka fi wahalar da mai wannan zargi. Eriya ba ta karɓar sigina sai an saita ta inda abin yake. Hoton farko na takun Armstrong a kan wata a Yulin 1969 tashar Honeysuckle Creek kusa da Canberra ce ta kamo shi, daga baya babban faifan Parkes mai faɗin mita 64 ya karɓa, kuma 'yan Ostareliya ne ke riƙe da na'urorin suna kallon wata. A Jodrell Bank ta Ingila, wadda ba ta NASA ba ce, masana suna bin Apollo 11 da kumbon Sobiyet Luna 15 a lokaci guda. Ita kuma Sobiyet tana da nata kunnuwan, kuma babu wanda ya fi ta son ya tona asirin Amurka in akwai asirin.

Maman Ilham: Su Sobiyet ɗin a ina suka kafa nasu tashoshin? Ai su suka riga kowa.

Ɗan Zongo Kumasi: Su ƙasarsu ce ta taimake su Hajiya, don faɗinta ya isa a jera tashoshi daga yamma har Kamchatka ba tare da roƙon kowa ba. Inda ƙasarsu ta ƙare sai su tura jiragen ruwa. Da Yuri Gagarin ya yi zagayensa na minti 108 ranar 12 ga Afrilu 1961, a saman Afirka aka kunna rokar birkinsa, jiragen ruwansu kuma suna tekun Atlantika suna karɓar bayanai. Amurka ce ta zaɓi ta bi ƙasashe tana neman izini, abin da ya jawo mata ciwon kai, amma ya sa tafiye-tafiyenta suka zama abin da mutanen ƙasashe da yawa suka gani da idonsu. A Perth mutanen gari fitilunsu suka kunna cikin dare don Glenn ya gani, ya kuwa gani ya aika musu godiya.

Bagobiri: To ga inda nake so a zo. Ostareliya ba fitila kawai ta kunna ba. Tun farko sharaɗinsu shi ne mutanensu ne za su tafiyar da tashoshin, shi ya sa har yau tasharsu ta Tidbinbilla tana cikin manyan tashoshi uku na duniya masu sauraron kumbuna masu nisa, tare da Goldstone ta California da ta kusa da Madrid. Afirka ta Kudu ma haka. An kafa faifai mai faɗin mita 26 a Hartebeesthoek kusa da Johannesburg a 1961, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ce ke tafiyar da shi. Da NASA ta fice a tsakiyar shekarun 1970, ana ta matsa mata lamba a kan wariyar launin fata, sai suka mai da wurin cibiyar nazarin taurari da rediyo, tana nan tana aiki. Su baƙo ya tafi ya bar musu sana'a. Mu fa?

Ummu Sumayya: Wannan kwatancen yana da ƙarfi, amma a yi adalci. Abin da aka kafa a Hartebeesthoek babban faifai ne da ake iya juya shi zuwa wani aiki. Na Kano ƙananan eriyoyi ne da aka ƙera don kumbo iri ɗaya, ranar da aka sauya fasaha sun tashi aiki. Sannan a 1960 Arewa ba ta da jami'a ko ɗaya, sai a Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Injiniyoyin lantarki nawa Sardauna yake da su da zai ce dole a ba su tasha? 'Yan kaɗan ɗin da ake da su ana bukatarsu a gidan waya da gidan rediyo da hukumar lantarki.

Bagobiri: Shekara shida tashar ta yi. Yaron da ya shiga makarantar sakandare ranar da aka sa hannu ya gama kafin a rufe ta. Rashin mutane a 1960 uzuri ne, amma ba ya zama uzuri har 1966.

Abban Khalifa: A nan ina tare da kai rabi. Ni a ganina darasin ba a wurin Amurkawa yake ba, su sun zo neman abin da ya kawo su. A wurinmu yake: duk wanda ya zo neman fili don wata fasaha, abin da ya fi kuɗin haya muhimmanci shi ne hannun waye zai riƙe na'urar. Amma rashin cin ribar abu bai sa a binne labarinsa. Yaron Kano da ya san cewa daga garinsu aka yi magana da mutum yana falaki, kallon da zai yi wa darasin kimiyya daban ne.

Ɗan Damagaram: Rufewar a 1966 tana da alaƙa da juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa?

Injiniya Zazzau: Dalilin fasaha kaɗai ya isa ya rufe ta. Shirin Gemini ya ƙare a Nuwamban 1966. Apollo da ya biyo baya ya zo da sabon tsarin rediyo wanda ya haɗa murya da bayanai da hoto da auna nisa a kan sigina ɗaya, yana bukatar faifai na mita 9 ko 26. Aka gina sababbin tashoshi irin ta tsibirin Ascension, aka ƙara da jiragen sama masu ɗauke da eriya a hancinsu. Daga 1983 kuma aka fara harba taurarin TDRS da ke tsaye can sama suna karɓar maganar kumbo su miƙo ƙasa, sai galibin tashoshin da suka rage su ma aka rufe su ɗaya bayan ɗaya, har da Bermuda.

Dattijon Kurna: Kada a manta da ɗaya kan sarkin da Malam ya ambata. Jirgin ruwan nan sunansa Kingsport. Ta cikinsa ne, ranar 23 ga Agusta 1963, Shugaba Kennedy yana Washington ya yi magana da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa yana Legas ta tauraron Syncom 2. Shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya ta tauraron ɗan Adam. A wannan kam ba fili muka bayar ba, muryar mutumin Bauchi ce ta hau sama ta sauko.

Ɗan Zongo Kumasi: Mu a nan Gana mun yi wani abu mai kama da na Hartebeesthoek, ko da yake a makare. Akwai tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Accra, wanda ya rasa aiki bayan zuwan wayoyin ƙarƙashin teku. Aka gyara shi da taimakon Afirka ta Kudu, aka buɗe shi a 2017 a matsayin na'urar sauraron taurari, kuma an horar da matasan Gana a kan aikin. Najeriya ma ta kafa irin waɗannan faifai na sadarwa tun da daɗewa, a Lanlate ta jihar Oyo da Kujama kusa da Kaduna.

Bagobiri: Wannan ita ce maganar da ta fi mini amfani a duk zaren nan. An kafa NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, a 1999, aka harba tauraronmu NigeriaSat-1 a Satumban 2003 daga Plesetsk ta Rasha, wani kamfanin Ingila ne ya ƙera shi, amma a wannan karon an tura injiniyoyinmu sun zauna an yi aikin a gabansu, kuma daga wata tasha a Abuja aka riƙa sarrafa shi. Kujama kuwa ba ta da nisa da Zariya, inda ake da sashen fiziks da na injiniyan lantarki. Injiniya, kai da kake kusa, faifan sadarwa irin wannan me ake canja masa kafin ya iya sauraron taurari?

Injiniya Zazzau: Abubuwa uku ne manya, ranka ya daɗe. Faifan sadarwa yana kallon wuri ɗaya ne shekara da shekaru, to sai an sake masa injunan juyi da tayoyinsa don ya iya bin tauraro daga fitowa zuwa faɗuwa. Sai a cire na'urar aikawa a sa mai karɓa mai tsananin ji, sau da yawa har sanyaya ta ake yi don a rage hayaniya. Na uku agogo ne na atam mai daidaito sosai, in ana so a haɗa abin da ya kama da na wasu ƙasashe. Kafin duk wannan kuma sai an duba ƙarfen ko tsatsa ta ci shi, sannan a auna hayaniyar eriyoyin wayar salula da ke kewaye, don su ne babban abokin gabar irin wannan aiki a yau.